Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 1446

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Da kuɗin wata zan fara, domin shi ya cinye mini takalmi bana. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Na san halin da ake ciki. Tun 2020 kuɗin da ake biya wa kowane ɗa ko mata da ke kan iƙamar mutum, wato takardar izinin zama a nan Saudiyya, ya kai riyal 400 a wata, harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15, ga rusau ɗin unguwannin Sabil da Karantina na Jidda da ya warwatsa mu. Wanda da nake takawa gidansa da ƙafa, yanzu sai na hau mota. Duk na yarda. Abin da ke ci mini rai shi ne masu kwana a zauren WhatsApp suna turo hotuna, da an ambaci kuɗi sai su yi ɗif.

Dalilin ke nan da kekunan ɗinkin da muka yi wa zawarawa alkawari ba su samu ba. Babu wanda ya ci ko sisi. Rasuwa biyu muka yi a jere, asusun jana'iza bai isa ba, shugaba ya ba da izini aka ɗiba daga kuɗin kekunan. Littafi yana hannun ma'aji, mai shakka ya je ya duba kafin ya yi magana a bayan ido.

Taron wata-wata an yi shi, ban da na azumi da na lokacin aikin Hajji.

Abin da ya faranta mini rai shi ne zaman da muka yi a watan Sha'aban, a istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, da muka kama a bayan garin Jidda. Wani matashinmu ne ya ce bana kada a gayyato mai lacca, mu zauna bibbiyu mu yi wa juna tambayoyi. Ya tuna mana cewa ƙasar da muke zaune ta tsara burinta na 2030 tun 2016, sana'o'i suna ta komawa hannun 'yan ƙasa, kuma sauƙin canza wurin aiki da aka kawo a 2021 bai shafi direbobin gida da masu aikatau ba, alhali da yawanmu aikin ke nan. Mu fa, ina muka dosa?

Ƙa'idar ita ce mai tambaya ba ya katse magana, ba ya ba da shawara, sai an gama a juya. Wane aiki ne mutane ke nemanka a kansa ko ba ka tallata ba? Nan da shekara biyar a wane gari kake son yin sallar Asuba, kuma wane aiki za ka fita bayanta? In kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ya sallame ka gobe, me ke hannunka?

Ina kusa da dattijonmu tela lokacin da wani yaro direba ya ce masa, "Baba, ranar da za ka koma Kano, ban da akwati me za ka sauke?" Baba ya yi shiru yana juya kofi har shayin ya huce. Can ya ce, "Ɗana, gashina ya yi fari a kan keke, ban taɓa koya wa kowa yanka ba." Kafin a kira Magariba ya faɗa da bakinsa cewa shago yake so a Fagge, inda zai horar da yara. Bai jira komawa gida ba, yanzu samari biyu na zuwa wurinsa bayan Isha'i da almakashinsu.

A ɓangaren mata ma haka. Hajiyarmu mai masa ta ce da aka tambaye ta ribarta ta mako, sai ta ga ba ta sani ba, kuɗin gida da na sana'a duk jaka ɗaya suke shiga. Ta raba su, ta sayi littafi, 'yarta ke rubuta mata.

An so a yi zama na biyu don a ji inda kowa ya kwana, kuɗin kama wuri ne ya gagara. Masu kirana suna cewa a maimaita, mafi yawansu ba su zo na farkon ba, kuma sunansu na cikin masu bashi. Taro na gaba Juma'ar farko ta Muharram ne bayan La'asar. Kowa ya zo da katinsa da abin da ake binsa, in ya taru a ranar za mu tsayar da lokacin zama na biyu, mu kuma koma kan maganar kekuna.

Wassalam,
Sakatare