Wasiƙa kan muryar da ta siranta a bidiyo

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma guntun bidiyon da ka turo sai da na saurare shi sau uku. Gaskiyarka, muryar mutumin ta siranta, kamar an ɗan ja ta sama. Kunnenka lafiya lau yake, lasifikarka ma ba ta da laifi.

Tun ƙarshen shekarun 1920 ake ɗaukar fim mai sauti a kan hotuna 24 a kowane sakan. Talabijin na tsarin PAL kuwa, wato tsarin da ya yaɗu a Turai da Afirka, 25 yake so, don an ɗora shi a kan wutar lantarki mai bugu 50 a sakan. To wanda ya juya maka fim ɗin zuwa bidiyo hanya mafi sauƙi ya bi, ya ƙara masa gudu da kusan kashi 4 cikin 100. Ido ba ya lura, amma fim na awa 2 sai ya ƙare saura kusan minti 5, murya kuma ta hau sama. Wanda ya san mai maganar shi ke fara ji, shi ya sa abin ya dame ka.

A Amurka da Japan wata matsalar ce daban. Tsarin talabijin ɗinsu, wato NTSC, hotuna 29.97 ne a sakan, tun da aka shigo da launi a 1953. Sai a rage gudun fim kaɗan zuwa 23.976, sannan a shimfiɗa shi a kan rabi-rabin hoton talabijin, don kowane hoton talabijin rabi biyu ne: hoton fim na farko ya ci rabi 2, na biyu ya ci 3, haka dai har hotuna 4 su zama 5. Murya na nan yadda take, sai dai idan kyamara na zagayawa a hankali, za ka ga hoton yana ɗan tuntuɓe. Ka tsayar da shi daidai lokacin da wani ya ɗaga hannu, wani sa'in za ka ga gefen yatsunsa ya tsattsage kamar haƙoran mataji. Ni wannan ya fi ci mini rai.

Naka mai sauƙi ne. Ka mayar da shi 24 a manhajar tace bidiyo, hoto da sauti tare, murya za ta koma mazauninta.

Amma waɗancan ƙananan finafinan Super 8 na mahaifinka, masu siririn zare na milimita 8, don Allah ka bi a hankali. Yawancinsu hotuna 18 ne a sakan, in aka tura su a 25 sai ka ga dattijo yana sassarfa kamar ana korarsa. Ka ce a ɗauki kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, a ba ka su yadda suke, ba cakuɗawa. Wannan kwafin ka adana shi, daga jikinsa za ka riƙa fitar da sauran. Ainihin fim ɗin ma kada ka yar.

Ka gaida mini Hajiya da yara. In an gama, ka turo mini wanda mahaifinka yake ciki, na yi kewar fuskarsa.

Naka,
Amininka