Rahoton Ayyukan Ƙungiyar 'Yan Haya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa. Ga bayanin abin da kwamitinku ya yi a bana, shekarar da maganar rushe benayen unguwar nan ta tashi daga jita-jita ta koma zane a kan takarda.

Kowa ya san halin da muke ciki. Tagogin da aka toshe da ƙarfe sai ƙaruwa suke, shagunan ƙasa sun rufe, lifta kuma yau tana aiki gobe ta tsaya. Lalacewar ba jiya ta fara ba. Tun 1980, lokacin da gwamnatin Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidajen kansul, wato gidajen haya na ƙaramar hukuma, an sayar da kusan miliyan 2 a Ingila, ba a kuma gina madadinsu yadda ya kamata ba. Masu kyau suka tafi, aka bar irin namu.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne danshi da fumfuna. Da hunturu mun bi gida gida. A hawa na tara, wata dattijuwa cikinmu ta ce mu janye mata durowa. Bangon baƙi ƙirin har sama, kayan makarantar jikokinta duk sun ɗauki wari. Ta ce ta sha buga waya, amma ba ta da ko layi ɗaya a rubuce. Wallahi ranar ban yi barci ba, domin irin wannan fumfunar ce ta kashe Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2, a Rochdale a Disamba 2020. Iyayensa daga Sudan suka zo, baƙi kamar mu, kuma sun yi ta kai kuka. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba 2025. Yanzu idan an kai ƙarar danshi mai haɗari ga lafiya, wajibi ne masu gidajen haya irin na kansul su bincika cikin kwanakin aiki 10, abin gaggawa kuma cikin awa 24. Shi ya sa muka zauna da matasanmu suna rubuta wa iyaye ƙorafi da Turanci, da hoto da kwanan wata. Allah ya yi musu albarka.

Da rani muka haɗa kuɗin mota muka je birnin Sheffield ganin Park Hill, wani katafaren ginin gidajen kansul, tun da gani ya kori ji. An gama ginin a 1961 da gidaje kusan 1,000, barandarsa da faɗi har a da motar madara na bi ta ƙofar mutane. Ya lalace kamar namu, aka sa shi cikin gine-ginen tarihi a 1998, daga baya kamfanin Urban Splash ya gyara shi. Gaskiya ya yi kyau, launi ko'ina, tsaf. Sai dai yawancin gidajen da aka gyara na sayarwa ne, wani ɓangare kuma ya zama masaukin ɗalibai. A hanyar dawowa motar tsit. Tambaya ɗaya ce a zuciyar kowa: idan an gyara tamu, wa zai zauna a ciki?

Wannan tambayar muka kai duk zaman da aka kira mu. Ba ma ƙin gyara, mu da muke hawa bene da buhun shinkafa a kafaɗa. Abin da muke nema shi ne a rubuta mana cewa duk wanda aka tasa zai dawo, da irin takardar hayarsa, da haya irin ta kansul, da ɗakuna daidai da iyalinsa. An yi mana alkawari da baki. Ni dai ban gamsu ba, kuma kwamiti bai sa hannu a komai ba.

Akwai kuma diyyar tashi daga gida, wadda doka ta kai fam 8,100 a Oktoba 2023, ga wanda ya shekara a gidan. Kuɗin kwashe kaya daban ne. Kada kowa ya miƙa makulli kafin ya zo mu duba takardunsa tare.

Karatun yara na ranar Asabar ya ci gaba, buɗe-bakin azumi ma ya yi armashi, har maƙwabtanmu Turawa sun zo. Kuɗin wata-wata ne ya ja baya, ma'aji zai karanta lissafi a zama na gaba. Don Allah kowa ya zo da takardar hayarsa da duk wasiƙar da aka turo masa, ko da bai buɗe ta ba.

Naku,
Sakatare, a madadin kwamiti