Ba kowace ƙirƙirarriyar basira ce ke buƙatar tulin bayanai ba

Assalamu alaikum Edita, barkanku da aiki. Dan Allah a ba ni ɗan fili, don kullum in an taɓo ƙirƙirarriyar basira a shafinku sai ChatGPT, alhali akwai ƙananan tsare-tsare da suka fi dacewa da mai ɗan bayanai kaɗan a hannu, irin ɗalibanmu masu furojet kan hasashen ruwan sama ko amfanin gona.

Ɗaya shi ne tsarin koyar da kwamfuta hasashe da ake kira RBF network (Radial Basis Function), wanda Broomhead da Lowe suka fito da shi a Ingila a 1988. Ana dasa cibiyoyi ne a cikin bayanan, kowace kamar fitila take, abin da ke kusa da ita tana haska shi sosai, yana nisa hasken na raguwa, sai a haɗa hasken duka ya ba da amsa. Matsalar ita ce cibiya nawa za a dasa kuma a ina? In sun yi yawa injin haddace bayanan kawai zai yi har da kurakuran ciki, ka kawo masa sabon abu ya rikice, in sun yi kaɗan kuma bai koyi komai ba. Da yawa yaranmu cankar lamba kawai suke yi, wallahi abin yana damuna.

To a nan ne lissafin Thomas Bayes, wanda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa, yake shigowa. Ka fara da zaton cewa cibiyoyi kaɗan sun isa, bayanai su zo su gyara maka zaton. Peter Green ya kawo wata dabara a 1995, sai Andrieu da de Freitas da Doucet suka ɗora ta kan RBF a 2001, kwamfuta da kanta take gwada ƙara cibiya ko cire wata ko raba ɗaya gida biyu, sau dubbai, sannan ta ɗauki matsakaicin amsoshin. Kuma ba amsa ɗaya ƙwal take ba ka ba, tana nuna maka iya tabbacinta, wanda mai ba manomi shawara yana matuƙar buƙata.

Gaskiya tana cin lokaci a kwamfuta, amma laftof ta yau za ta ɗauka. Ina roƙo ku nemo malaman lissafi na jami'o'inmu su riƙa yi mana bayanin wannan da Hausa ko sau ɗaya a wata.

Naku,
wani malamin lissafi daga Zariya