A duba mana bakin ruwan Volta kafin iska ta sake tasowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da mu masu saro kifi daga Yeji, garin da ke bakin tafkin Volta a Ghana, muke gani da idonmu amma ba a cika maganarsa ba.

Da an ce ambaliya a Volta hankalin kowa dam ɗin Akosombo yake tafiya, yadda aka buɗe ƙofofin dam a Satumba da Oktoban 2023 ruwa ya shanye garin Mepe da sauran garuruwan da ke ƙasan dam ɗin, kuma gaskiya abin ya yi muni. Amma mutanen da ke saman dam ɗin, su Yeji da Makango da Dambai da Kete Krachi, ba sai an buɗe ƙofa ba, iska kaɗai ta ishe su.

Tunda aka gama dam ɗin a 1965 ruwan ya mamaye fili sama da murabba'in kilomita 8,000, to iska in ta hau kansa ba abin da zai tare ta, haka za ta yi ta turo ruwa gefe ɗaya har ya tumbatsa ya hau tudu, igiyar ruwa na dukan gaɓa ba ƙaƙƙautawa, kuma gaɓar nan fa ba dutse ba ce, tsofaffin gonaki ne da daji da ruwa ya zo ya tarar. Ta ƙasa yake ci. Kana tsaye a sama ka ga ƙasa lafiya lau, ashe ƙarƙashinta rami ne, rana ɗaya sai ta rufta. Wata baiwar Allah da nake sayen banda a wurinta, murhunta na laka rabi ya zube cikin ruwa a dare ɗaya, da ragar da kifin da ke kai, mangwaron ƙofar gidanta kuwa saiwoyinsa duk a waje suke suna lilo. Da bashi ta sake gina wani.

Lokacin da ya fi ba ni tsoro shi ne farkon damina, Maris zuwa Mayu, da yamma lis hadari ya taso daga gabas, kafin ka ce kwabo gari ya yi duhu. Masu kwalekwale su yi ta neman gaɓa a guje, ga kututturan itatuwan da ruwa ya binne tun zamanin Nkrumah suna nan a ƙasa, an yi asarar rayuka ba sau ɗaya ba sau biyu ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai kuma wajen Oktoba da Nuwamba lokacin da tafkin ya cika maƙil, ruwa na bakin ƙofa, 'yar iska kaɗan sai ka gan shi a tsakar gida.

Itatuwan da ke riƙe gaɓar kuma su ake sarewa a yi bandar kifi, ana ɗibar yashi, rani na yi ruwa ya ja baya sai mutane su bi shi su kafa bukka da rumfa a inda ruwan zai dawo.

Katifa da shinkafa da ake rabawa bayan ɓarna mun gode, amma roƙona ga hukumar yanayi ta ƙasa da NADMO, wato hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa, shi ne gargaɗin iska ya riƙa isa bakin ruwa da wuri, cikin Ewe da Hausa da Twi da Gonja, ta rediyo da lasifikar masallaci da ta kasuwa, don masuncin da ke tsakiyar ruwa ba Facebook yake dubawa ba. Asambuli, wato majalisun gundumomi, su kuma su kafa turaku a iyakar inda ruwa ya kai a 2023, a hana gini ƙasa da nan, a ba mutane wurin komawa, don ba yadda za ka ce mutum ya tashi ba ka nuna masa inda zai sa kansa ba. A dasa itace da ciyawa mai saiwa a gaɓar, a sa sarakunan masunta su tsare su.

Mu na Kumasi kar mu ce ba ruwanmu, gidaje nawa ne a Aboabo da Asawase ba su da ɗan uwa a bakin ruwan nan? Ina roƙon limamanmu da sarakunan zango su kai maganar gaban 'yan majalisarmu tun yanzu, kafin Maris.

Wassalam,
'Yar kasuwar kifi, Aboabo, Kumasi