Maigidana ya rasu ya bar tsofaffin mujallun zane, rabonsu na neman haɗa ni da danginsa

Assalamu alaikum Malama. Ina gaishe ki da aiki, ke da duk ma'aikatan gidan rediyonku, Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Ni 'yarki ce da ke zaune a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, kuma ta intanet nake bin shirinki. Don Allah a sakaya sunana, domin waɗanda zan yi magana a kansu su ma suna sauraronki, kuma ba na so a ce na tona asirin gida.

Allah ya yi wa maigidana rasuwa bayan gajeriyar jinya, ban daɗe da fita takaba ba. Ya bar ni da yara uku, namiji ɗaya da ke dab da gama sakandare da 'yan mata biyu ƙanana, sai mahaifiyarsa Hajiya da ke Kaduna. Gida da mota da kuɗin banki ba su jawo wata magana ba, kowa ya san ƙimarsu. Lauyan da ke taimaka mana ya ce dokar jihar nan ta ba ni fiye da abin da shari'a ta yanka mini, na ce masa ni tumunina kawai nake so, Hajiya ta karɓi sudusinta, saura na yara ne. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne wani ɗaki guda da marigayi ya cika da tsofaffin mujallun labarin zane na Amurka, komik ɗin nan na jarumai irin su Superman da Spider-Man.

Na san masu sauraro da yawa za su ce wannan ai kayan wasan yara ne, don haka ki ba ni dama in yi bayani. Tun yana firamare a Kaduna ya fara son su, daga Powerman da aka riƙa bugawa domin kasuwar Najeriya tsakanin 1975 da 1977, da tsofaffin na Amurka da yake tsinta wurin masu baza littattafai a bakin titi. Da ya zo nan ya samu aiki sai ya shiga tara su da gaske, kuma ba kowace iri ba, sai tsofaffi waɗanda suka tsira lafiya kamar yau aka fito da su daga maɗaba'a. A kan takarda mai araha irin ta jarida aka buga su, aka sayar wa yara a kan kuɗin alewa. Yara suka nannaɗe su a aljihu, iyaye mata suka share suka zubar, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka tattara da yawa cikin tsofaffin takardun da aka sake sarrafawa. Shi ya sa wadda ta kai yau ba lanƙwasa ba yagewa ta zama abin nema.

Akwai wani kamfani a Florida mai suna CGC, wanda aka kafa a shekarar 2000. Ana aika masa mujalla ya duba ta shafi-shafi, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, sannan ya rufe ta ruf cikin wani gidan roba mai tauri garai-garai, da takardar shaida a samansa. Launin takardar ma magana ne. Shuɗiya tana nufin ba a taɓa yi wa mujallar gyara ba. Shunayya tana nufin an yi mata gyara, ko an ƙara launi ko an liƙe yagewa, kuma wannan yana karya mata farashi ƙwarai. Koriya kuma tana nuna akwai wani aibi guda da aka keɓe. Har farin takardar ciki suna rubutawa, ko fara ce sol ko ta soma komawa ruwan madara. Mujalla ɗaya, bugu ɗaya, amma mai maki 9.8 tana iya ninka mai 9.0 sau da yawa a kuɗi, alhali ni da ke in an ajiye mana su gaba ɗaya da ƙyar mu ga bambanci. Na sha ganin marigayi ya kunna 'yar fitila, ya karkata mujalla a hankali yana bin gefen ɗinkinta da ido, yana neman wani ɗan farin layi da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. In ya gani sai ya girgiza kai ya ce, “Wannan ta sauka daga tara da huɗu,” wato maki 9.4.

Masu daraja a cikin nasa ba su da yawa, akwati ɗaya ya ɗauke su. Akwai Fantastic Four lamba 52 ta 1966, inda Black Panther ya fara fitowa, ita ce ya fi ji da ita, don yakan ce a nan ne ya fara ganin Baƙar fata ɗan Afirka a matsayin sarki mai ilimi a irin waɗannan mujallu. Akwai Giant-Size X-Men lamba 1 ta 1975. Akwai Incredible Hulk lamba 181 ta 1974 guda biyu, ɗaya mai shuɗiyar shaida, ɗaya mai koriya, domin wani yaro ya taɓa sa almakashi ya yanke ɗan kan sarkin talla da ke cikinta, abin da yara da yawa suka yi a wancan zamani. Sauran kwalayen da suka cika ɗakin yawancinsu na shekarun 1990 ne, kuma shi da bakinsa ya gaya mini ba su da wani kuɗi. X-Men lamba 1 ta 1991 kaɗai an buga fiye da kwafi miliyan 8, kowa ya saya ya adana da zaton zai yi arziki, to wa zai saya a wurin wa?

Matsalar ta faro ne daga wan marigayi, wanda muke kira Yaya, shi ne ke magana da yawun Hajiya. Wani ya tura masa labarin cewa an sayar da Action Comics lamba 1 ta 1938, wadda Superman ya fara fitowa a ciki, a kan dala miliyan 6 a watan Afrilun 2024. Labarin gaskiya ne, a kamfanin gwanjo na Heritage da ke Dallas aka yi cinikin, cikin jiharmu ɗin nan. Gaskiya ne kuma an sayar da Amazing Fantasy lamba 15 ta 1962, farkon Spider-Man, a kan dala miliyan 3.6 a 2021. Sai dai mu ba mu da ko ɗaya daga cikinsu, marigayi bai taɓa samun ƙarfin kusantar irinsu ba. Na yi wa Yaya bayani, na ɗauki hoton kowace mujalla da lambar shaidarta na tura masa, na nuna masa yadda zai sa lambar a shafin kamfanin ya tabbatar da kansa. Amsar da ya ba ni ita ce, “To, Allah dai yana gani.” Malama, wannan kalma ta yi mini ciwo fiye da zagi. Mutum ne mai kirki, shi ya riƙe marigayi a makaranta, kuma na fahimci cewa wanda ke Kaduna ya ji ana maganar miliyoyin daloli da ɗaki cike da kwalaye dole zuciyarsa ta raya masa wani abu. Amma ni ce aka bari da zargin cin dukiyar marayun da na haifa.

Yanzu abu biyu ya ce in zaɓi ɗaya. Ko dai in sayar da komai a dunƙule cikin gaggawa a turo wa Hajiya rabonta, ko in yi lodinsu a kawo Kaduna a buɗe gaban dangi da malamai a ƙirga.

Na farkon na gwada jin bakin kasuwa. Wani dillali ya zo gida, ya zazzaga ɗakin, ya ɗaɗɗaga masu gidan roba, ya yi tayi a kan duka. Da na gwada tayinsa da littafin da marigayi yake rubuta abin da ya saya da farashinsa, bai kai ko rabi ba. Ban ce ya yi niyyar cuta ba, shi ma riba yake nema, kuma ya faɗi wata gaskiya: farashin waɗannan kaya ya yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021 lokacin kullen korona, daga 2022 kuma ya sauko. Wasu daga cikin namu a lokacin tsadar aka saye su. Abokan marigayi da suke wannan harka tare sun ba ni shawarar in ware masu darajar in kai kamfanin gwanjo a sayar ɗaya bayan ɗaya, ko da za a cire la'ada, sauran kwalayen kuma a sallamar a dunƙule. Amma hakan zai ci watanni, kuma ba wanda zai iya rantsewa a kan nawa za su kai. Wannan kaya ba gwal ba ne da za a ɗora a sikeli a faɗi kuɗinsa, sai abin da masu so suka taya a ranar. Duk jinkirin da na yi kuwa, a can gida ƙarin hujja ne cewa akwai abin da nake ɓoyewa. Ga Hajiya ta manyanta, ba ta da cikakkiyar lafiya, kuma hakkinta ne ta ci rabonta tana raye.

Na biyun kuwa shi ya fi tayar mini da hankali. Takardar nan ba ta jure zafi da laima da hasken rana. Zafi yana sa ta yi ja ta riƙa karyewa, laima tana sa 'yan ƙarafan ɗinkin tsakiya su yi tsatsa su ɓata shafi, kuma gidan robar ba ya hana danshi shiga gaba ɗaya. Ko a nan Houston da muke fama da laima, na'urar tsotse danshi ba ta mutuwa a ɗakin nan. Da guguwar Beryl ta katse mana wuta a Yulin 2024, marigayi cikin dare ya kwashi akwatin nan ya kai gidan wani abokinsa da ke da janareto, ya dawo muka ci gaba da fifita da yara cikin duhu. Kayan da aka yi wa wannan riƙo ne za a sa a kwantena su yi makonni a teku, su kwana a tashar jiragen ruwa, sannan su zauna a ɗakin da gara ke iya shiga? Kuma na tabbata in sun isa, wani zai ce a fasa robar a ga abin da ke ciki. Da zarar an fasa, shaidar makin ta tashi, sai an sake aikawa Florida an sake biya, kuma ba lallai ta dawo da makinta na da ba. Bayan duk wannan, masu sayensu a nan suke, dole a sake dawo da su. Na faɗa wa Yaya haka cikin ladabi, ya ce tunda yake bai taɓa jin takardar da ta fi ƙarfin a kawo ta gida ba.

Sai kuma maganar yaron nan, babbansu. Tun da aka yi rasuwar ba ya yawan magana, amma kullum bayan sallar isha'i yakan shiga ɗakin ya duba ma'aunin danshi kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi, ya zubar da ruwan na'urar. Ya roƙe ni da hawaye cewa ko me za a sayar a bar masa ta Black Panther ɗin, ya yarda a cire kuɗinta daga rabonsa. Ita ce kuwa cikin mafi tsada. Zuciyata tana son in ba shi, amma ina tsoron hakkin ƙannensa mata, domin in aka yi mata kuɗi yau ta ninka nan da shekara goma, za su iya cewa an fifita shi, in kuma ta faɗi, shi aka cuta yana yaro bai san ciwon kansa ba.

Don haka nake neman shawararki, kuma in da hali ki taya ni tambayar malaman da kike gayyatowa shirin. Shin ya halatta in jinkirta sayar da wannan kaso na gadon don neman farashi mai kyau, ko jinkirin zalunci ne ga Hajiya? Na yi tunanin a samo masana biyu da ba su san juna ba su yi wa kayan ƙima a rubuce, in biya Hajiya sudusinta yanzu daga kuɗin hannuna, in an sayar an samu ƙari in cika mata. Wannan ya yi daidai da shari'a? Yaro da bai gama mallakar hankalin kansa ba zai iya karɓar abu irin wannan a rabonsa, kuma wa ya kamata ya amince a madadin ƙannensa? Akwai kuma zakka. Marigayi wani lokaci yakan ce sha'awa ce kawai, wani lokaci ya ce kuɗin jami'ar yara ne yake ajiyewa, kuma ban ga inda ya rubuta ya fitar musu da zakka ba. In akwai bashinta a kansa ina so a sauke kafin a raba komai. Wata ƙawata ma ta ce mini kuɗin zanen mutane ba shi da tsarki, abin ya tsaya mini a rai, ina son jin matsayinsa daga bakin masu ilimi.

Abin da ya fi duka, Malama, ta wace hanya zan bi da Yaya? In nemi wani dattijo cikin 'yan uwanmu Hausawa da ke nan ya shigo ya ƙirga komai gabansa ta bidiyo, ko hakan zai zama kamar na kai ƙararsa waje? Ko in kira Hajiya kai tsaye, alhali ban taɓa tsallake shi ba tun da aka kawo ni gidansu? Shi ne baffan yaran nan, shi zai ɗaura wa 'yan matan aure in Allah ya kai mu, ba na so su tashi su tarar da gaba tsakanina da dangin ubansu.

Ina sauraron amsarki a shiri na gaba in Allah ya yarda. Ki taya mu da addu'a, Allah ya jiƙan marigayi ya kyautata namu zuwan. Na gode.

Taki,
'Yarki daga Houston, Amurka