Zuwa ga Ministan Lafiya: a binciki kuɗin ƙungiyar yaƙi da taba, amma da wane ma'auni?

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Maganar ƙungiyar nan ce mai yaƙi da shan taba wadda ma'aikatarka ke zuba wa kuɗi duk shekara. Kuɗin jama'a ne, don haka in mun tambayi me aka saya mana da shi ba rashin kunya ba ne. Ni dai ba na cikin masu cewa a rufe ta, taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara a duniya inji Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), har da waɗanda ba su taɓa sa sigari a baki ba, hayaƙin wani ne kawai ya cinye su. Aikin yana da amfani. Abin da ke damuna shi ne yadda ake auna shi.

Ɗauki rahoton shekara na irin waɗannan ƙungiyoyi ka gani. Bita kaza aka yi a otal, fosta kaza aka buga, an raba riguna da huluna ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya, ga hoton shugaba da makirfo a hannu, ga lambar mutanen da saƙon ya "isa gare su" a Facebook. To sai me? Wannan ai lissafin yadda aka kashe kuɗin ne kawai, ba a gaya mana ko mutum guda ya jefar da kwalin sigarinsa ba.

Wani lokacin kuma sai a nuna maka jadawali, a ce duba yadda mashaya suka ragu tun da muka fara aiki. Nan ma a bi a hankali, yallaɓai. Shan taba dama yana raguwa a duniya, a shekarar 2000 kusan mutum ɗaya cikin manya uku ne ke amfani da ita, zuwa 2022 ya koma kusan ɗaya cikin biyar, kuma abin da ya fi jan wannan ragin an san shi, haraji ne da doka. In farashi ya tashi da kashi 10, sha yana sauka da kamar kashi 4 zuwa 5, shi ya sa WHO ke cewa haraji ya kai aƙalla kashi 75 na farashin kwali. Zakara ya yi cara gari ya waye, ba shi ya fito da rana ba. Tambayar da mai bincike zai yi ita ce, da babu ƙungiyar me zai faru?

Amma fa kar a zalunce su, don akwai aikin da ba ya fitowa a lissafin akanta. Ailan ta hana shan taba a wuraren aiki a 2004, Ostiraliya ta cire ado daga kwalin sigari a 2012, ba haka kawai waɗannan dokoki suka faɗo daga sama ba, mutane ne suka yi shekaru suna tara hujja suna bin 'yan majalisa ofis ofis alhali kamfanoni na can da lauyoyinsu, kamfanin taba na Philip Morris har ƙarar ƙasar Urugwai ya kai saboda gargaɗin jikin kwali, ya sha kaye a 2016. In ƙungiya ta taimaka doka guda irin wannan ta wuce, wallahi ta biya kuɗinta na shekara goma. Sai dai ta nuna hannunta a ciki, wace takarda ta rubuta, wa ta gabatar wa, me ya canza a dokar.

In kuma suna da shirin taimakon masu son bari, a daina ƙirga wanda ya yi rajista. A koma a neme shi bayan wata shida, bayan shekara, a sa ya hura na'urar auna numfashi mai nuna ko har yanzu yana sha, don da baki kowa ya daina. Sannan a raba kuɗin da aka kashe da yawan waɗanda suka daina da gaske, a kwatanta da abin da asibitin gwamnati zai yi da kuɗin nan.

Akwai wani abu da ba a son faɗa. Gwamnati ce ke biyan ƙungiyar da aikinta shi ne matsa wa gwamnati lamba, to yaushe rabon da ta fito ta soki ma'aikatarka? In ba ta taɓa yi ba, a sa wannan ma a ma'auni.

Sai wanda zai yi binciken. Kar ƙungiyar ta zaɓo shi da kanta, kar kuma a ɗauko wanda ya taɓa cin kuɗin kamfanin taba ko na wata cibiya da kamfanin ke ɗaukar nauyi, sashe na 5.3 na yarjejeniyar WHO kan yaƙi da taba da ta fara aiki a 2005 ya ce a kare manufofin lafiya daga hannun kamfanonin taba, kuma su ne za su fi kowa murna in aka yanke tallafin nan da ka. A ba ofishin babban mai binciken kuɗi, ya haɗa kai da masana lafiyar al'umma na jami'a, rahoton kuma a ɗora shi a intanet gaba ɗayansa har da albashin shugabanni da kuɗin tafiye-tafiye, kafin ka sa hannu a tallafin baɗi.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai biyan haraji