Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: Yaranmu Tsakanin Azahar Da La'asar

Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ni tsohuwar malamar firamare ce, na ajiye alli amma yaran unguwa ba su daina sallama a zaurena ba. Da ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 na yi murna, kuma na ga ajujuwan da aka yi wa rufi da fenti. Allah ya saka da alheri. Sai dai kukana yana kan sa'o'in da ke biyo bayan ƙararrawar tashi.

Ka sa a zaga da kai Kurna ko Dorayi ko Gama da misalin ƙarfe biyu na rana, ba jiniya. Za ka ga yarinya ta tuɓe kayan makaranta ta ɗauki farantin awara ko gyaɗa, za ka ga yaro da buhu a kafaɗa yana tonon jari bola. Da yawansu koko kaɗai suka sha da safe, wasu ko shi ba su samu ba, gidan kuma ba a ɗora tukunya sai uba ya dawo da abin da ya samo. Da la'asar a kora su Islamiyya, su yi ta gyangyaɗi a kan littafi.

Akwai wata 'yar aji biyar da ke zuwa wurina. Na rubuta mata "Baba ya tafi kasuwa", ta ƙura wa takardar ido har hawaye ya zubo. Na zuba mata garau-garau, ta cinye, ta ƙulle ɗan saura a leda don ƙaninta. Wata biyu muna haka, abinci tukuna sannan baƙi da wasali, yanzu tana karanta allon shaguna tana dariya. Kanta lafiya lau. Yunwa ce, da ajin da ya cika har malami ba ya sanin sunan na baya.

Kano ba baƙuwar wannan aiki ba ce. A zamanin Kwankwaso an ciyar da 'yan firamare ta hannun kwamitocin wayar da kan al'umma da ake kira CRC, mu da muke aji mun ga yadda yara suka riƙa tururuwa. Gwamnatin tarayya ta kawo nata shirin a 2016, naira 70 kan kowane yaro, 'yan aji ɗaya zuwa uku kawai, aka dakatar da shi a farkon 2024, daidai lokacin da cire tallafin mai ya sa kwanon masara ya gagari talaka. Shi ma na tarayyar, a faɗi gaskiya, wani lokaci ƙwai ɗaya ake yankawa a raba wa yara.

Roƙona shi ne a bar ƙofofin makarantun unguwannin talakawa a buɗe bayan tashi, ko da awa ɗaya da rabi. Kwano ɗaya na shinkafa da wake, ko kunun gero da waken suya da gyaɗa, sannan darasin karatu da lissafi, a sallami yara kafin Islamiyya. Masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaune ba aiki sun isa su koyar in an ba su ɗan alawus. Girki kuwa a bai wa iyayen yaran, zawarawa da masu ɗora wa 'ya'yansu talla, don uwar da ake biyanta kuɗin girki ba za ta tura 'yarta tasha da faranti ba. Inda ake karatun safe da na yamma saboda cunkoso, a nemi aron ajin Islamiyya, ai a rufe yake a wannan lokacin.

Kada a damƙa wa 'yan kwangila, ranka ya daɗe. Kuɗin ya bi ta kwamitin iyaye da mai unguwa, a liƙa lissafin a bangon makaranta kowa ya gani. Attajiran Kantin Kwari da Dawanau ma in ka kira su da bakinka za su kawo buhuna.

A fara da unguwa biyar a zangon karatu mai zuwa. In ana neman wadda za ta koyar kyauta, a rubuta sunana a farko.

Wassalam,
Wata malama mai ritaya, Kano